Maɓallin da Bai Rubuta wa Suna Ba

Da hantsi munka kai taubashina makwancinsa, a maƙabartar da ke bayan lambunan albasa, nan Tama. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, shi dai ya riga mu kama hanya ne. Ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, kun kuwa san abin da ke tsakanin irinmu. Tun muna yawo ba wando ban taɓa raga masa ba, shi ma bai raga mini ba. Ya girme ni da 'yan shekaru, amma ban taɓa yarda da haka a gabansa ba. Yanzu ga shi ya kwanta ya bar ni da bakina, in na yi tsiya babu mai ramawa.

Wanda bai san shi ba, bari in gaya masa. Daga Buza zuwa Keita zuwa Madawa, in ana kokawa, ko maulidi, ko saukar karatu, in ka ga rumfar shuɗin tanti a gefen fili da igiyoyi suna fita daga cikinta, to shi ne a ciki. Mu muna fili da kamarori. Hotunanmu suna bin igiyoyin nan, wato kabul, su taru cikin wata na'ura da muke ce ma reji, shi kuma yana zaune gabanta yana zaɓen hoton da za a nuna kai tsaye. Mutanenmu da sunka tafi bida, wato cirani, Abijan da Legas da Libiya, da shi suke ganin gida cikin salula.

Shi ya sa zaman makokinsa ya zama biyu, na tabarma da na waya. Salular autansa ba ta huta ba. Wani ya kira daga Abijan, ko sallama bai gama ba kuka ya kwace masa, abin da ya iya faɗi kawai shi ne, "To wa zai nuna muna gida yanzu?" Wata tsohuwa ta zo a kan amalanke tun daga Allakaye, ta durƙusa bakin zaure ta ce, "Ɗana ya daɗe bai zo ba, amma ya san na yi furfura, don wanga bawan Allah ya nuna mishi ni." Wani tsohon ɗan kokawa, ƙato har yanzu, ya zauna yana share ido da bakin rawani. Ya ce ranar da anka kada shi gaban garinsu ya fashe da kuka, marigayi ya kawar da hoton ya koma kan makaɗa, ko mutum ɗaya na waje bai ga hawayensa ba. Matar marigayin kuwa, wadda nake ce ma matata tun ranar da anka kawo ta, ba ta yi dogon zance ba. Da na shiga yi mata gaisuwa, ta ɗago ta ce, "A cire batir daga kamarorin nan. Bai son a bar su ciki."

Mutum ɗaya ne idonsa ya bushe, shi ne ɗan farinsa. Magidanci ne yanzu, har da furfura a gemu, kuma shi ne mafi iya riƙon kamera a cikinmu, ni da na koya masa na faɗa. Ya karɓi gaisuwa yadda ya kamata, ya yi godiya yadda ya kamata. Da jama'a sunka ragu bayan la'asar, ya matso kusa da ni ya ce, "Baffa, in an yi sadaka zan sai da reji in koma Abijan."

Na ce, "Ashsha! Tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba?"

Ya ce, "Mi zan zauna in gada? Na tsufa ina riƙe mishi kamera, bai taɓa ce mini sannu ba. Kowa da sunanshi bisa na'urar nan, har sandar da ba ta numfashi. Ni kaɗai ne ba ni da suna."

Gaskiya ya faɗa, rabinta dai. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. In reji ta tafi aikin ya mutu ke nan, wannan kuma da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron nan ya bar garin yana ɗauke da zaton ubansa bai taɓa dubansa ba.

Zancen sunayen nan yana da asali, ni ne kuma asalinsa. Lokacin da marigayi ya sayo reji, ta zo da lambobi. A bayanta akwai ramuka inda kabul na kowace kamera ke shiga, a gabanta kuma maɓallai, ɗaya, biyu, uku, har takwas. Aikinmu na farko da ita saukar karatu ne a Allakaye. Garin sauri anka musanya kabul biyu, ba wanda ya lura. Malam ya ɗaga hannu zai yi addu'a, taubashina ya danna uku yana zaton fuskar malam ce. Ashe tawa ce. Ni kuwa na san ba ni ne uku ba, na aje kamera bisa turmi tana kallona, na ɗauki ƙwaryar fura. Haka Abijan da Legas sunka shafa addu'a suna kallon mutum da farin gashin baki yana lashe ludayi. Har gobe in 'yan bida sun dawo, Mai Ludayi suke ce mini. Laifinsa ne, na gaya masa yana da rai, ina kuma maimaitawa.

Washegari ya sayo farin sikoci, wato salatef, da alƙalamin marka. Ya ce, "Lamba ba ta da kunne. In na kira uku, wa zai amsa mini?" Ya bi maɓallan nan ya liƙe lambobin duka, ya rubuta mutane. Bai rubuta sunan yanka ba, abin da kowa yake a wurinsa ya rubuta: TAUBASHI, SURUKI, AUTA. Akwai wata kamera da muke ɗaurewa a kan dogon ƙarfe tana ɗauko fili gaba ɗaya, ba mai riƙe ta, ita ya sa ma GWAURO. Kwamfutar da ke fitar da rubutu a ƙasan hoto ya ce mata ALLO. Kowane suna wuri uku yake zama: a bakin kabul gaba da baya, a kan maɓalli, da cikin na'urar kanta, yadda zai fito ƙarƙashin hoton mutum a babban ekaran, wato gilashin da ake kallon hotunan. In ɗaya ya saɓa ma sauran, ba za a fara ba, ko da hakimi ne ke jira.

Ya kuma gano ana iya shiga cikin na'urar a ce hoton rami kaza ya fito a maɓalli kaza. To daga nan ya samu abin yi. Duk filin da munka je, sai ya tsaya bakin rumfa ya riƙe ƙugu ya dubi inda kowa zai tsaya, sannan ya jera maɓallan haka, na hagu a hagu, na dama a dama. Ya ce hannu bai kamata ya yi tunani ba, ido ya ga fili, yatsa ya same shi a inda yake. Kafin a fara kuma sai an yi kiran suna kamar 'yan lakkol a aji. Kowa ya sa kaski a kunne, wato abin da muke jin juna da shi, shi kuma ya fara.

"Suruki."

Suruki ya kaɗa hannu gaban kamerarsa, da ladabi, "Na'am, Baba."

"Taubashi, in ka gama cin abin mutane."

"Ga ni, makaho. Ka gan ni ko in matso?"

Amma akwai maɓalli ɗaya da ya liƙa ma farin sikoci bai rubuta komi ba. Na ɗan farinsa ne. In kira ya zo kansa, sai ya ƙwanƙwasa makirfo da farce, ƙwas ƙwas, yaron ya kaɗa hannu, a wuce.

Kakarmu Bafulatana ce, a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ranar sunan yaron nan, taubashina barin gari ya yi, ya wuni a gona ba abin da yake nomawa. Bai taɓa ɗaukarsa ba, bai ci akushi ɗaya da shi ba, sunansa kuwa bai taɓa fita bakinsa ba. Ko "ɗana" bai iya cewa. Ni anka jingina ma yaron, shi ya sa kullum "ɗanka" yake ce mini. A gida wannan bai dami kowa ba, haka munka taras ana yi. Amma ku duba mini wannan al'ada cikin kaski, inda kowa ke jin kowa! Yana son yaron ya juya kamera, sai ka ji, "Taubashi, ce ma ɗanka ya matso da hoton." Yaron yana ji da kunnensa, ni kuma dole in maimaita, "Ɗana, wai ka matso da hoton." Suruki ya sha toshe makirfo yana dariya.

Da jikansa ya tasa, wato ɗan wannan ɗan farin, ya fara riƙe kamera, sai abin ya zama kamar da gayya. JIKA da manyan baƙaƙe, har da zane a gefe. Bakin tsohon nan ba ya gajiya da shi: "Jika, ɓarawon matata, madalla da wanga hoto!" Uban jikan yana tsaye a ɗaya gefen fili, ya ɗauko hoton da ya fi na kowa, ba ya samun ko tari.

Abin ya fashe ne a kokawar kaka ta Babankatami. Karon ƙarshe, fili ya cika har bisa itatuwa. 'Yan kokawa sunka rungumi juna sunka gangara gefen ɗan fari, sai wani makaɗi ya shigo gaban kamerarsa da ganga. Taubashina ya ce, "Taubashi, ce ma ɗanka ya matsa hagu!" Ni kiɗa ya cika mini kunne, ban ji ba. Ya sake faɗa, da ƙarfi. Yaron ya ji sarai, amma ko gezau. Fili ya ɗauki ihu, an yi kaye, mutanenmu na waje kuwa bayan makaɗi sunka gani, da zufa tana bin wuyansa.

Da anka watse muna naɗe kabul, tsohon ya fito daga rumfa yana huci. Bai dubi yaron ba, ni ya tasa gaba.

"Taubashi, ɗanka kurma ne?"

Yaron ya ce, yana kallon ƙasa, "Baffa, ce mishi ba da ni anka yi magana ba."

Ni kuma abin ya ishe ni. Na ce, "Kai tsoho, ni ba kabul ba ne da za ku riƙa bi ta cikina! Ga ka ga shi. Kira sunanshi, haƙoranka ba za su zube ba."

Ya dube ni. Ya ce, "Abin da ubana bai yi mini ba, kai za ka sa ni in yi gaban jama'a?" Ya juya ya shiga mota. Haka munka koma Tama. Kafin a gama sussukar hatsi yaron ya ɗauki jaka ya tafi Abijan, ya bar matarsa da 'ya'yansa.

Ya yi 'yan shekaru a can. Mun samu sabuwar kamera a lokacin, ramukan reji sun yi mana kaɗan. Suruki ya ce, "Baba, ga rami nan ba kowa, a sa ta mana." Tsohon ya ce, "Da mai shi." Haka maɓallin nan ya zauna da farin sikocinsa, in ya yi datti ya ɓare ya liƙa sabo. Wani abu kuma da na lura, duk taron da munka yi a Tama, sai ya ce, "Taubashi, juya wajen mata, bayan bishiyar can." In na juya sai in ga surukarsa da yara. Ya danna TAUBASHI ya bar hoton ya daɗe, fiye da yadda aiki ke so. Ya san wa ke kallo a Abijan. Na ce masa, "Munafuki." Ya ce, "Riƙe kamerarka daidai, hannunka na rawa kamar na mai satar kaza."

Ranar da yaron ya dawo, ba wanda ya yi zancen. An tashi aiki, ya ɗauki kamerarsa, tsohon ya zura kabul cikin ramin nan, kiran suna ya zo, ƙwas ƙwas, hannu ya kaɗa. Shi ke nan sulhun. Ni na ji daɗi har na sayi goro na raba, su biyun kuwa ko murmushi.

Shekarun da sunka biyo baya su ne mafi daɗi a aikinmu. Muna loda kaya a bayan mota da sassafe, mu hau duwatsun Keita muna addu'a kada taya ta fashe, mu sauka kwari inda iska ke ƙanshin albasa. Shi yana gaba ya rungume akwatin reji a cinya, bai yarda a sa ta baya ba. Yana da dokokinsa. Ba a nuna mai barci a wurin wa'azi. Ba a nuna mace tana shayarwa. Ba a nuna mai cin abinci, ban da ni. In tsoho ya tashi rawa kuwa, ko mi ake yi a fili sai ya bar shi ya nuna tsohon, ya ce 'ya'yansa na can suna jira su ga ƙafarsa na ɗagawa. Duk garin da munka sauka akwai mai kawo mana fura da kwaɗon zogale, shi kuma sai ya tura mini ƙwaryar ya ce ma mai gidan, "A ba wanga tukuna, in ba haka ba zai cinye mana kabul."

Sai gwiwata ta ƙi. Tsayuwar fili ta gagare ni, ya ce in dawo rumfa in kula da sauti. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba duk shekarun nan, don mai kamera ba ya zama a rumfa. Bayan an gama kiran suna kowa ya kama wurinsa, sai tsohon ya buɗe jakarsa ya fito da wani ƙaramin ekaran, bai fi tafin hannu biyu ba. Ya jingina shi a ƙasa wajen gwiwarsa ta hagu, ya zura kabul ɗinsa a wata mafita ta daban da ke bayan reji, wadda ake iya aika ma hoto guda ita kaɗai. Babban ekaran yana nuna kowa, hoton da ke fita duniya yana canzawa, amma ƙaramin nan hoto ɗaya yake nunawa daga farko har ƙarshe. Na maɓallin da ba suna.

Na ce, "Wanga fa, na mi ne?"

Ya ce, "Na duba launi ne."

"Launin mutum ɗaya kake dubawa?"

"Taubashi, an sa ka sauti. Kula da sautinka."

Na kula da sautina, amma kunnena biyu ne. Yana aiki yana satar kallon gwiwarsa. In yaron ya bi ɗan kokawa da kamera ya kama shi daidai lokacin da ƙafa ta bar ƙasa, sai tsohon ya toshe makirfo da hannu ya ce a hankali, "Haka! Kai, madalla. Wa ya koya mishi wanga?" Ni in ce, "Ni." Ya ce, "Ƙarya kake." Da an tashi, kafin masu kamera su iso rumfa, ya cire ƙaramin ekaran ya mayar jaka. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun ranar da ya gane mafitar nan, farkon sayen reji. Na ce to lokacin da yaron ke Abijan fa? Ya ce yana kunna shi, ba hoto dai, baƙi ƙirin.

Na ce, "Wallahi sai na gaya mishi."

Ya kama hannuna, ba da wasa ba. Ya ce, "In ka gaya mishi ina numfashi, ban yafe ba." Na riƙe masa. Amma ni na ji sharaɗin da kyau, ina numfashi ya ce.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Damina ta kama shi da tari, kaka ta same shi kwance. Na je duba shi, ya rame, amma bakin yana nan. Ya ce, "Ka zo ka ga ko na mutu ka gaji matata?" Na ce, "Ita ce ke hana ni, da tuni." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce ya yi ma mutanen Babankatami alkawarin kokawar bana, kada a ba shi kunya. Wannan ce maganar aiki ta ƙarshe da munka yi.

Da ita na kama ɗan fari bayan sadaka. Na ce, "Sai da reji, taka ce. Amma alkawarin ubanka sai an cika shi tukuna." Ya ce to, shi zai riƙe kamera kamar kullum, suruki ya zauna kujera. Na ce, "Suruki ya zauna kujerar tsohon kana tsaye? A wane gari? Kai ne babba, kai za ka zauna." Ya yi gunaguni, amma ya yarda, na yini ɗaya.

Munka je. Fili ɗaya ne da na wancan karon, har itatuwan. Tunda ɗan fari ya koma rumfa, jika ya ɗauki kamerarsa ya tsaya a wurinsa, auta kuma ya ɗauki ta jika. Ɗan fari ya zauna a kujerar, yana ta gyara zama kamar mai jin ƙaya. Ya dubi fili, ya jera maɓallai yadda ya ga ana yi, hagu a hagu, dama a dama. Ya yi kiran suna a gajarce. Da kowa ya kama wurinsa, na jawo jakar tsohon, wadda matata, wato matar marigayi, ta ba ni da safe ba tare da ta tambaye ni dalili ba. Na fito da ƙaramin ekaran, na jingina shi wajen gwiwarsa ta hagu, na zura kabul inda yake shiga. Ban taɓa komi cikin na'urar ba, yadda mai ita ya bar ta haka take.

Hoto ya fito. Gefen fili ne, daga kamerar da jika ke riƙe da ita.

Ya ce, "Baffa, wanga na mi ne?"

Na ce, "Danna maɓallan ka gani."

Ya danna SURUKI, babban hoto ya canza, ƙaramin bai motsa ba. Ya danna GWAURO, ya danna ALLO, ya bi su duka. Ƙaramin yana nan a kan kamera ɗaya. Ya dubi farin sikocin da ba rubutu, ya dubi gwiwarsa, ya dube ni.

Na ce, "Kamerarka ce. Nan yake aje shi duk aikin da munka yi, sai kun fita ya kunna, kafin ku dawo ya ɓoye. In ka ɗauko hoto mai kyau, toshe makirfo yake yi ya ce madalla. Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba. Lokacin da kake Abijan ma kunna shi yake, shina kallon baƙin gilashi ba hoto. Ya hana ni faɗi shina numfashi, to yanzu ba ya yi."

Ya cire kaski ya aje, ya sa fuska cikin tafin hannu, kukan da bai yi a maƙabarta ba ya zo masa gaba ɗaya. Ni ma na taya shi, ba na ɓoyewa, tsoho da ni ina jan majina gaban na'urar sauti. A waje makaɗa sun fara, mai shela yana kiran 'yan kokawar farko.

Ya share fuska da hannun riga. Ya jawo sikoci ya gyara sunayen da sunka canza, ya mayar da AUTA inda JIKA yake. Ya zo kan maɓallin da ba suna, wanda yanzu jika ne ke bayansa, nasa ɗan farin. Ya ɓare tsohon sikocin, ya ninke shi ya sa aljihu, ya liƙa sabo. Ya buɗe marka. Na zuba ido in ga abin da zai rubuta. Hannunsa ya tsaya a sama, ya daɗe. Sai ya rufe markar ya aje.

Na ce, "Af! Jinin dai ba ya ƙarya."

Ya ce, "Baffa, kula da sautinka."

Anka shiga kai tsaye. Hannunsa ya fi na tsohon sauri, wannan ko a gaban kabarinsa sai in faɗa. Can tsakiyar karawa, 'yan kokawa sunka gangara gefen jika, wani mai tallan rake ya gitta gaban kamera. Na ga idon ɗan fari ya sauka wajen gwiwarsa. Ya matso da makirfo bakinsa.

"Baffa, ce ma jikanka ya matsa hagu."

Yaron bai jira ni ba, ya matsa, ya kama kayen tun daga ɗaga ƙafa har ƙura ta tashi. Fili ya ɗauki ihu. Uban ya kai hannu zai toshe makirfo, na gan shi da idona. Sai ya janye hannun, ya bar shi a buɗe.

"Kuma ka ce mishi madalla. Ka ce mishi hoton ya yi kyau."

Kowa ya ji, har suruki da ke can ƙarshen fili. Amma aikina ne, na gyara murya na ce, "Jikana, wai madalla, hotonka ya yi kyau." Cikin kaski munka ji yaron ya ce, "Na ji, Baffa. Ce mishi na gode." Hotonsa kuwa bai ko girgiza ba.

Da za mu koma, ɗan fari ya shiga gaban mota ya rungume akwatin reji a cinya. Ban tambaye shi zancen Abijan ba, shi ma bai tayar ba. A hanya dai ya ce ma suruki a sayo sabon sikoci kafin maulidin Keita, wannan ya kusa ƙarewa.

Taubashi, na faɗa, kuma ba ka da bakin hana ni. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci, ya kawar da kai daga abin kunyarka ranar tsayuwa yadda ka kawar da kai daga na mutane. Ɗana yana kujerarka, ƙaramin ekaran yana wajen gwiwarsa, a kunne.